Kuɗin Sana'ata Suna Shiga Asusun Maigida: Yaya Zan Raba Ba Tare da Ɓacin Rai Ba?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano mai 'ya'ya uku, kuma tun 2021 nake sayar da atamfa, mayafai da turaren wuta daga cikin gida. Ina saro kaya a Kantin Kwari, in ɗauki hotonsu in sa a WhatsApp da Instagram, masu so su turo kuɗi, ni kuma in aika musu ta hannun ɗan aike ko direbobin tasha. Lokacin da na fara ba ni da asusun banki, sai maigidana ya ba ni lambar nasa, kuma har yau a cikinsa ake biyana. Duk wadda ta ce ta turo, sai na kira shi a wurin aiki na tambaya ko alat ya shigo. Kwanakin baya yana cikin taro bai ɗaga waya ba, wata ta turo min hoton rasit na Naira 85,000, na saki kaya, ashe na bogi ne. Ban da haka, lissafina ba ya daidaita, domin yakan taɓa kuɗin ya yi cefane ya ce zai mayar, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Ƙanina da ya karanci kwamfuta ya ce zai buɗe min shafin karɓar kuɗi ta intanet, amma da BVN ɗinsa da asusunsa, saboda sunan da ke kan NIN ɗina ya saɓa da na BVN ɗin da na yi tun ina makaranta. Da na yi wa maigida maganar buɗe nawa asusun, cewa ya yi, "Wato yanzu ba ki yarda da ni ba?" kuma ya yi kwana biyu yana shan ƙamshi. Ya ƙara da cewa kamfanonin nan na waya ba su da tabbas, kuma akwai kuɗin ruwa a harkarsu. Ba na so in rasa zaman lafiyar gidana, ba na kuma so jarina ya narke. Ki ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma na ji yadda kike tsaye tsakanin abubuwa biyu da kowannensu yake da daraja a wurinki. Zan gaya miki ra'ayina tun da fari domin sauran bayanin ya hau kansa: kuɗin sana'arki suna buƙatar wurin da yake ɗauke da sunanki, wanda za ki iya dubawa da idonki a duk lokacin da kika so, ba tare da kin kira kowa ba. Shafin intanet da manhaja da na'urar POS duk bayan wannan suke zuwa. Idan aka tsallake shi, duk tsarin da aka gina miki zai sake dawo da ke inda kike yau, sai dai mai riƙe da kuɗin ya canza.

Mu fara da maigidanki, domin a wurinsa nauyin maganar yake. Mutumin da ya ba ki lambar asusunsa a lokacin da ba ki da naki, ya kuma haƙura da kiran waya yana tsakiyar aiki tsawon shekaru, ya cancanci a fara da gode masa. Tsarin da kuka yi a 2021 bai zama kuskure ba a lokacinsa, saboda a wancan zamani yawancin masu sayen kayan gida a hannu suke biya. Abin ya juya ne bayan sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, da ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, lokacin da har mai kayan miya ya koyi cewa "turo ta transfa". Daga nan mutane ba su koma yadda suke ba. Sana'arki ta girma, hanyar biya ta canza, shi kuwa tsarin naku yana nan yadda yake. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata ki ɗora maganarki a kai, domin babu zargin kowa a cikinta.

Ita kuwa kalmarsa ta "ba ki yarda da ni ba", ina ganin abu biyu ne a ƙarƙashinta. Akwai tsoron kada ki yi nisa da shi idan kuɗinki suka fita daga ganinsa, akwai kuma kunyar abin da ya taɓa bai mayar ba, wanda yake zaton shi kike nufi ko da ba ki furta ba. Saboda haka kada ki buɗe zancen da kuɗin cefane. Ki nemi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta, ki fara da asarar Naira 85,000 ɗin nan, wadda shi ma ya san ta faru ne saboda ba ki da hanyar ganin kuɗi da kanki. Ki ce masa kina jin nauyin yadda kike katse masa aiki, kuma kina so ku zaɓi banki tare, ya raka ki ranar buɗewa. Namijin da aka nemi ya jagoranci abu ba ya jin an ture shi kamar wanda aka kawo wa labari bayan an gama.

Akwai hujjar da nake so ki kai masa cikin ladabi, domin ta fi kare shi a kan yadda take kare ki. Rai a hannun Allah yake. Idan ta Allah ta kasance a kansa, duk abin da yake cikin asusunsa banki zai ɗauke shi a matsayin dukiyarsa, a rufe asusun har sai magada sun kawo takardun kotu, sannan a raba shi gado tsakanin iyaye da 'ya'ya da duk mai rabo. A ranar nan, da wace shaida za ki ce kaza daga ciki jarinki ne? Idan kuma ke kika riga shi, haƙƙin magadanki ya cakuɗe da albashinsa, ya rasa yadda zai sauke nauyin. Musulunci ya tabbatar wa mace mallakar abin da ta nema da guminta, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, babba ne ko ƙarami. Ga kuma zakka: mai kasuwanci yana lissafa kayan sayarwa da kuɗin da ke hannunsa idan shekara ta zagayo, kuma ba za ki iya wannan lissafi ba alhali ba ki san iyakar naki ba. Ban san mai tsoron Allah da zai ji wannan ya ce rashin yarda ce ba.

Game da abin da ya wuce, ki ja layi. Bayan an buɗe sabon asusu hankali ya kwanta, ku nemi takardar shige da ficen kuɗi ta watannin baya daga bankinsa, ku haɗa ta da littafinki, ku tsayar da adadi guda da ku biyu kuka gamsu da shi. Daga nan zaɓi naki ne: ko ki yafe duka, ko ki yafe rabi, ko a rubuta shi bashi ya riƙa biya a hankali. Ni dai ina ganin idan adadin ba zai karya miki jari ba, yafewa da bakinki a fili ta fi riƙo a zuci, domin kuɗin a cikin tukunyar gidanku suka shiga. Nan gaba kuma, idan kina so ki taimaka da cefane, ki tura masa daga ribarki da hannunki, ya zama kyauta ce da aka san da ita.

Damuwarsa a kan kuɗin ruwa da rashin tabbas ba abin rainawa ba ce, kuma tana da amsa. A Najeriya akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da ya fara a 2019, da Lotus da ya biyo baya a 2021, kuma suna da manhajar waya kamar sauran bankuna. Su kuma kamfanonin waya irin su Moniepoint da OPay da PalmPay, da lasisin Babban Bankin Najeriya suke aiki, kuma mutane sun rungume su ne saboda saurin shigar kuɗi. A cikin manhajojin irin waɗannan akan samu sashen ajiya mai ba da kuɗin ruwa, to ki bar shi a rufe, ki tsaya ga karɓa da turawa kawai. Ta fuskar tabbas, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga kariyarta a 2024 zuwa Naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, da Naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. A wannan shekara ta 2024 ce kuma aka soke lasisin bankin Heritage, wanda babban banki ne mai rassa, abin da ya nuna cewa gini da ma'aikata ba su ne tabbas ba. Shawarata ita ce ki riƙe wuri biyu, dukansu da sunanki: ɗaya na karɓar ciniki na yau da kullum, ɗaya kuma na tara jari, inda za ki riƙa kwashe kuɗi duk ƙarshen mako. Ranar da sabis ɗin ɗaya ya tsaya, ɗayan zai fisshe ki.

Sai ƙaninki. Niyyarsa mai kyau ce, kuma iliminsa zai yi miki amfani ƙwarai, amma kada ki yarda a buɗe komai da BVN ɗinsa. Kamfanin karɓar kuɗi wanda ya yi rajista ya sani, asusunsa zai riƙa zuba wa kuɗin, layinsa zai riƙa tura wa lambar sirri, kuma idan matsala ta taso da shi kaɗai za su yi magana. Gobe zai tafi bautar ƙasa, ko ya yi aure, ko wayarsa ta ɓata yana wani gari, ke kuma kina zaune da masu jiran kaya. Shi ma akwai haɗari a kansa, domin idan wani ya biya da kuɗin sata aka bi sawu, asusunsa za a rufe, shi za a nema. Ƙari a kan haka, ki yi tunanin yadda maigidanki zai ji idan kuɗin suka bar hannunsa suka koma hannun ɗan gidanku. Wannan zai tabbatar masa da zargin da kike ƙoƙarin gogewa. Ki ce wa ƙaninki ya zauna kusa da ke ya koya miki, ke kina danna wayar da hannunki, lambar sirri kuma ke kaɗai kika san ta. Idan da hali ki ba shi ɗan ladan wahalarsa, domin aikin ya zama aiki.

Saɓanin sunan da ya sa ya kawo wannan dabara matsala ce da ta addabi matanmu da yawa. Wata an rubuta ta A'isha a wuri ɗaya, Aishatu a wani. Wata sunan mahaifi ne a BVN, sunan miji a NIN. Wata kuma shekarar haihuwa ce ta bambanta. Gyara yana yiwuwa. Ki fara tsayar da sunan da yake kan takardunki na asali, sannan ki gyara wanda ya kauce: na NIN a wurin hukumar NIMC, na BVN kuma a banki, inda galibi za su nemi katin shaida da takardar rantsuwa daga kotu. Akwai ɗan kuɗi da zirga-zirga, amma sau ɗaya ake yi. Kada ki ba wani a bakin titi takardunki ya ce zai gyara miki ta bayan fage. Gyaran ya zama dole ne saboda asusu hawa uku ne: na farko ba ya riƙe fiye da Naira 300,000, na biyu Naira 500,000, na uku ne ba shi da iyakar ajiya, kuma shi yana buƙatar BVN da NIN da shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta. Mai saro atamfa a Kwari hawa na uku ne ya dace da ita, in ba haka ba wata rana ana gab da Sallah kuɗin mai saye zai ƙi shiga saboda asusun ya cika.

Da zarar asusun ya samu, ki kafa doka guda wadda ba ta da sani ba ta da sabo: kaya ba sa barin gida sai kin buɗe manhaja kin ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Hoton rasit ba shaida ba ne, domin ana ƙirƙirarsa cikin minti ɗaya da tambarin banki da komai. Saƙon tes ma ana iya kwaikwayonsa. Ki duba sunan mai turowa, da adadin, da lokacin, a cikin jerin shigar kuɗi na manhajar kanta. Wani lokaci mai saye gaskiya yake faɗa, an cire masa amma bai iso ba, domin turawa tsakanin banki da banki tana bi ta na'urorin NIBSS ne, wato cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, kuma akan samu tsaiko. A irin wannan hali ki yi masa magana mai daɗi, ki ce kayansa suna nan an ware masa, ya nemi lambar shaidar turawar da ke jikin rasit ɗinsa ya kai wa bankinsa. Mai gaskiya zai jira. Wanda ya fara ɗaga murya yana cewa direba zai tashi yanzu-yanzu, shi ne wanda ya kamata ki ƙara yi wa taka-tsantsan.

Mataki na gaba shi ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda ake yi ta intanet da NIN ɗinki, kuma a nan ƙaninki zai taimaka sosai. Da takardar za ki buɗe asusu da sunan sana'ar, ta yadda baƙuwar da ta gan ki a Instagram, idan ta sa lambar asusu, sunan shagon da ta gani ne zai fito mata. A halin da kike ciki yanzu, mace ce take magana da mai saye amma sunan namiji ne yake fitowa, kuma ina da yaƙinin akwai waɗanda suka fasa a daidai wannan gaɓa ba tare da sun gaya miki dalili ba.

Shafin karɓar kuɗi da ƙaninki yake magana a kai, irin na Paystack ko Flutterwave, yana da amfani na gaske, sai dai ba shi ne na farko ba. Yadda yake aiki shi ne a ba ki mahaɗi, wato link, ki tura wa mai saye, ya danna ya biya da katin ATM, ko ta lambobin waya, ko ya tura zuwa wata lambar asusu ta ɗan lokaci da shafin zai ba shi, kuma shafin da kansa zai tabbatar an biya, babu zancen rasit. Amma akwai la'ada. Tsarin da Paystack ya daɗe a kai ga biyan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin Naira 100, ana yafe ɗarin idan cinikin bai kai Naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce Naira 2,000 komai yawan kuɗin. Wato turmin atamfa na Naira 20,000 za a cire Naira 400, kwalbar turaren Naira 2,000 kuma Naira 30. Ki duba farashin ranar da za ki yi rajista, ki kuma auna shi da ribar da kike samu a kan turmi, domin ribar atamfa ba ta da kauri. Kuɗin ma ba nan take suke sauka a asusunki ba, sai ranar aiki ta gaba, don haka cinikin yammacin Juma'a sai Litinin. Sannan mai biya da kati yana da damar kai ƙorafi bankinsa cewa bai karɓi kaya ba, shi ya sa dole ki riƙa ajiye hoton ƙunshin kayan, da lambar direba, da saƙon da mai saye ya ce sun iso. A ganina, tsofaffin abokan cinikinki na cikin gari ki bar su a kan transfa kai tsaye, wadda ba ta da wani caji mai nauyi ban da harajin Naira 50 da gwamnati ke cira a kan abin da ya kai Naira 10,000. Mahaɗin biya ki tanade shi domin baƙi daga nesa, da lokutan cunkoso kamar goman ƙarshe na azumi, lokacin da ba za ki iya bin kowane alat ɗaya bayan ɗaya ba. Na'urar POS kuwa ba ki buƙatarta tukuna, tunda masu sayenki ba a gabanki suke tsayawa da kati ba.

Ki kula da wayarki yadda kike kula da akwatin sarƙoƙinki. Layin da aka ɗaura wa asusun ya zama da sunanki aka yi masa rajista, ki sa masa lambar kulle, kada kuma ki bar wayar a hannun yara suna wasa. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ki ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo miki ta tes. Idan wani ya ce ya turo miki kuɗi bisa kuskure, ya kuma nemi ki mayar masa zuwa wata lamba dabam, kada ki yi. Ki sanar da bankinki su mayar ta hanyar da suka zo, domin da irin wannan ake wanke kuɗin sata ta asusun bayin Allah. Idan kuma kika sami matsala da banki, ki kai ƙorafi a rubuce ki karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba kina da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Zai yiwu duk da wannan maigida ya ƙi a karon farko. Kada ki buɗe a ɓoye, domin ranar da ya gano, abin da ya yi zargi zai zama gaskiya a idonsa. Ki ba shi mako biyu ko uku, ki sake dawowa da tayin da zai kwantar masa da hankali: ki riƙa nuna masa takardar shige da ficen kuɗi duk wata, ko ku zauna tare ku yi lissafin riba. Gani daban ne da ikon cirewa, kuma na farkon ba ya rage miki komai. Idan har yanzu ya tsaya, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa, ya yi masa bayanin gado da zakka, ba da sigar kai ƙara ba. Kafin a kai ga daidaitawa, mafi ƙarancin abin da za ki nema shi ne a ware asusu guda, ko da da sunansa ne, da babu abin da ke shiga cikinsa sai kuɗin sana'a, manhajarsa tana kan wayarki, tare da takarda mai shaidu biyu cewa abin da ke ciki naki ne. Wannan na wucin gadi ne, kada ki zauna a kansa.

Ranar da za ki sauya lamba, ki sanar da abokan cinikinki da muryarki, ba da rubutu kaɗai ba, saboda 'yan damfara sukan ƙwace WhatsApp ɗin mai sana'a su raba wa mutane sabuwar lambar asusu, kuma masu hankali daga cikin masu sayenki za su yi shakka. Ki faɗi sunan da zai fito idan sun sa lambar, ki ce duk sunan da ya saɓa wa wannan ba naki ba ne. Wasu za su ci gaba da turawa tsohon asusun na wata ɗaya ko biyu saboda yana ajiye a wayarsu, don haka ku yi yarjejeniya da maigida tun yanzu cewa duk abin da ya faɗa can zai turo miki a ranar, ke kuma ki rubuta a littafi. Allah ya sa albarka a neman ki, ya daidaita tsakaninku.